Hoton Ƙugun Barewa

A asibiti Kar-ka-motsa ake ce masa, domin shekara ashirin da shida ke nan yana faɗa wa mutane haka kafin ya koma bayan gilashi ya danna maɓalli. A unguwa kuwa Likita ne, kuma bai taɓa ɓata bakinsa ya gyara wa kowa ba. Aikinsa ɗaukar hoton ƙashi. Ya kwantar da mutum, ya daidaita masa ƙafa, ya ɗauka, ya miƙa wa likitoci su karanta. Iyakarsa ke nan a takarda. Amma wanda ya kwashe rabin rayuwarsa yana kallon ƙasusuwan jama'a, dole wata rana zuciyarsa ta raya masa cewa shi ma ya iya karatun.

Maƙwabta su suka ƙara zuga shi. Duk wanda aka yi wa hoto a ko'ina, sai ka gan shi yana hawa benen da suke haya da ƙatuwar ambulan a hammata. Shi kuwa sai ya zaro fim ɗin, ya ɗaga a taga, ya kanne ido ɗaya, ya ja numfashi. Jan numfashin nan kaɗai ya isa ya sa mutum ya gyara zama. Kuma a yi masa adalci, yawanci yana faɗar daidai, tunda karayar hannu ba ta ɓuya. Abin da maƙwabta ba su sani ba shi ne, da jimawa wani babban likita ya taɓa yanke shi a gaban ɗalibai, ya ce, "Malam, kai ɗauka aka ce ka yi, karatu namu ne." Likitan ya yi ritaya tuntuni, amma maganar tana nan daram a ƙirjin Kar-ka-motsa.

Autarsa mace ce, Barewa ake kiranta. Malamar wasanni ta makarantarsu ce ta laƙaba mata sunan, ya bi ta har gida, har uwarta ta manta da na yanka sai in za ta yi faɗa. Yarinyar ba ta iya tafiya ba, gudu ta iya. A aike ta kanti, kafin a rufe baki ta dawo da canji. Matakalar benen nan guda goma sha takwas, bibbiyu take haɗawa. Tana shekara goma sha uku ta riga ta wuce duk 'yan ajin da ke gabanta a tseren mita ɗari huɗu, malamar ta fara maganar kai ta gasar makarantu. A shekarar ce uban ya sayo mata takalman gudu, shuɗaye masu farin igiya, yana ta ƙorafin tsada yana murmushi.

Wata Laraba ta dawo daga atisaye tana ɗingishi, ta ce matsematsinta na dama na ciwo. Washegari ya tafi da ita wurin aiki. Bai yanki kati ba, bai bi layi ba, bai nemi takardar likita ba. Ya jira abokan aiki suka fita cin abincin rana, ya kwantar da ita a kan tebur, ya juya mata yatsun ƙafa ciki, ya ce, "Kar ki motsa." Ta yi dariya, don ba ta taɓa jin ya faɗa mata ita ba.

Da ya maƙala fim ɗin a allon haske sai gabansa ya faɗi. A bakin gurbin da kan ƙashin cinya yake zama a ciki, can gefe, akwai wani ɗan guntun ƙashi a ware, bai fi ƙwayar wake ba, da siririn layi baƙi tsakaninsa da uwar ƙashin. Ya ɗauko tsohon littafinsa daga durowa, da rula, da 'yar robar auna kusurwa irin ta 'yan makaranta. Ya ja layi daga tsakiyar kan ƙashin zuwa sama, ya ja wani zuwa bakin gurbin, ya auna. Digiri ashirin da biyu. Littafin ya ce ƙugu lafiyayye daga ashirin da biyar yake farawa. Ya sake aunawa, ashirin da biyu. Ya yanke a ransa cewa gurbin bai yi zurfi ba, bakinsa kuma ya tsage, in ta ci gaba da gudu kafin ta kai talatin sai da sanda.

Ofishin likitocin ƙashi ƙofa uku ne daga inda yake tsaye. Har ya kama hanya da fim a hannu. Sai ya tuna babu kati, za a tambaye shi wa ya ba da izini. Sai kuma ya ji muryar nan, karatu namu ne. Ya dawo, ya ɗauki almakashi ya yanke kusurwar fim ɗin inda suna da kwanan wata suke, ya zura shi a ambulan.

A gida ya ce, "Mun duba." Matarsa ta ce, "Kai da wa?" Ya ce, "Ni da likitan ƙashi mana. Babba ma." Ƙaryar ta fito sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Ya ɗauki takalman ya ɗora a saman kabad ɗin ɗakinsa, ya rubuta wa makaranta takarda.

Malamar wasanni ta zo har gida ta roƙe shi. Ta ce yara masu gudu kan yi irin wannan ciwon, jijiya ce, hutun mako biyu ya isa, ko a ƙara jin ta bakin wani likitan. Ya bar ta ta gama, sannan ya zaro fim ɗin ya ɗaga a taga, ya nuna mata ƙwayar waken da bakin biro. "Malama, kin iya karanta wannan?" Ta ce a'a. Ya ce, "To kowa ya tsaya a aikinsa." Ya ji daɗin faɗar maganar nan ƙwarai, har ya yi kwanaki yana maimaita ta a ransa.

Ciwon ya tafi cikin kwana goma. Ya ce ai don ta daina gudu ne. Barewa ta yi kuka wata guda, sannan ta haƙura, domin yarinya ce mai yarda da ubanta. Ta koyi hawa matakala ɗaya-ɗaya, ƙafar hagu a gaba, hannu a kan ƙarfen gefe. Ta koyi dafe ƙugu in za ta tashi. Ba a bari ta ɗauki bokiti, ba a bari ta yi sauri. Ranar wasanni ita ce mai riƙe wa 'yan ajinsu jakunkuna a ƙarƙashin bishiya. Sunan dai bai sake ta ba, sai dai yanzu masu kiran suna ɗan sassauta murya. Shekara huɗu aka yi a haka.

A shekara ta huɗun aka kawo wa sashensu sabuwar likita, matashiya mai tabarau, wadda ba ta fi sa'ar babban ɗansa ba. Ita ce ta same shi a ɗakin ajiyar hotuna wata Litinin, ta gaishe shi da ladabi.

"Baba, an ce in ina neman tsohon hoto kai zan tambaya, kwamfuta ma kai take tambaya."

Ya ji daɗi, ya ba ta kujera. Ta yi masa bayani cewa bincike take yi. Tana so ta san yadda ƙugun yaro lafiyayye yake, daga shekara goma sha biyu zuwa sha tara. Ba za a kira kowa a haska shi ba. Hotunan da aka riga aka ɗauka don wani dalili take so, na ciwon ciki, na tsakuwar ƙoda, na wanda ya haɗiye tsaba, muddin ƙugu ya fito a ciki kuma yaron bai taɓa kukan ƙugu ba. Za a rufe sunaye a ba su lamba, a auna ɗaya bayan ɗaya.

"Me za a yi da ƙugun da ba ya ciwo?" in ji shi.

"Ai da shi ake gane mai ciwon, Baba. Mun daɗe muna auna yara da ma'aunin manya."

Maganar ta wuce ta gefen kunnensa, bai tsaya a kanta ba. Kwana biyu ya yi yana tono mata hotuna, wasu a kwamfuta, wasu a kwalaye masu warin tsohuwar takarda, har suka tara ɗari biyu da 'yan kai. Ta ce ya zauna su auna tare, kowa ya rubuta nasa, a gwada ko idanunsu za su zo ɗaya. A shekara ashirin da shida, ba likitan da ya taɓa neman ya auna wani abu. Ranar ya dawo gida yana tafiya kamar an ƙara masa girma, ya ba matarsa labari sau biyu.

A hoto na tara ya hango abin. Yarinya 'yar sha uku, an kawo ta da ciwon ciki. Ga ƙwayar waken nan a bakin gurbi, ga siririn layin. Ya gyara zama, ya ja numfashin nan nasa na taga.

"Likita, wannan a ware shi. Ba lafiyayye ba ne. Dubi nan, bakin gurbin ya tsage."

Ta matso da tabarau, ta duba, ta yi murmushi. Ba murmushin raini ba ne, kuma da na rainin ne da ya fi masa sauƙi.

"Idonka da kaifi, Baba. Amma ba tsaga ba ce, girma ne. Bakin gurbin yaro guringuntsi ne, ba ya fitowa a hoto. Can wajen sha biyu, sha uku, sai ƙashi ya fara tsirowa a cikinsa, ɗan ƙarami a ware. Shi ne kake gani. Nan da shekara uku ya haɗe da sauran, ka neme shi ka rasa."

"Kusurwar fa? Ashirin da uku na samu."

"To ai ba a gama ginin ba ka zo auna katanga. Rubuta ashirin da uku, mu je na gaba."

Ya rubuta. Ya ce wa kansa wannan daban, na Barewa daban. Nata ya fi girma. Nata ya zo da ciwo.

Na goma sha huɗu ma akwai. Na ashirin akwai, har gefe biyu. Na ashirin da shida yaro ne ɗan sha huɗu da aka kawo ya haɗiye murfin biro, nasa ƙwayar ta fi ta Barewa girma nesa ba kusa ba. Kar-ka-motsa ya fara yin ɗan ɗigo a gefen takardarsa duk lokacin da ya ga ɗaya, ba tare da ya san me zai yi da ɗigon ba. Da suka shiga hotunan 'yan sha bakwai sai ya ga abin ya ɓace, bakin gurbi ya cika sumul, kusurwa ta haura talatin. Zuwa Alhamis ɗin mako na biyu ɗigo talatin da ɗaya ya ƙirga. Yara talatin da ɗaya, kowannensu yana can yana tsalle-tsallensa, don Allah ya taimake su ba shi ne ubansu ba.

Kunya iri-iri ce. Akwai wadda mutum yake ji in an kama shi, wannan da sauƙi, ana yi a wuce. Tasa ba wanda ya kama shi. Likita tana ta yaba masa, tana cewa awonsa da nata ba sa saɓawa da fiye da digiri biyu, za ta sa sunansa a takardar binciken. Kowane yabo sai ya ji kamar an ɗora masa bulo a kai. A gida ya daina haɗa ido da Barewa. In ya ji takunta a matakala, ɗaya, shiru, ɗaya, shiru, sai ya ƙara muryar rediyo. Matarsa ta tambaye shi ko aikin ne ya yi yawa, ya ce ƙura ce ta ɗakin ajiya. Ranar Asabar wani maƙwabci ya hawo da ambulan, ya ce a gaya masa Likita ba ya nan, alhali yana zaune a bakin gado yana jin su.

Kuma shaiɗan bai bar shi haka ba, ya kawo masa shawara mai daɗi. Wa ya sani? Fim ɗin ba suna, ba kati, ba rajista. Yarinya ta riga ta saba. Shekara mai zuwa sai ya ce ƙugun ya warke, a yi murna, a ce kulawar Likita ce ta yi aiki. Har ma a ƙara girmama shi. Ya juya shawarar nan a ransa kwana uku, kuma ba don kirki ya ƙi ta ba. Wani ɗan fata ne ya rage masa, cewa wataƙila, wataƙila dai, na Barewa da gaske ne. Sai da ya kama kansa yana fatan a ce ƙugun 'yarsa na da lahani don shi ya fita kunya, sannan ya san inda ya faɗa. Ya tashi ya janyo ambulan ɗin daga ƙarƙashin takardun haya.

Ranar Litinin, bayan sun gama na ranar, ya maƙala fim ɗin a allon haske.

"Likita, duba mini wannan. Na wani ne."

Ta tashi ta zo. Ba ta ɗau minti ɗaya ba.

"Mace ce, sha uku ko kusa. Wa ya ɗauka? An daidaita ƙafafun da kyau." Ta bi gefen gurbin da yatsa. "Lafiya lau. Kai, wannan ma ya fi duk waɗanda muka gani fitowa sarai, da yana da lamba, da shi zan riƙa koyar da ɗalibai." Sai yatsanta ya tsaya a kan layukan fensir guda biyu da ba su gama gogewa ba, da 22 da aka rubuta a gefe. Ta dubi kusurwar da aka yanke da almakashi. Ta san rubutun, mako biyu ke nan tana ganinsa kullum.

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Shekara nawa da ɗauka?"

"Huɗu."

"Me aka gaya mata?"

Ya dubi ƙasa, ya ga igiyar takalminsa ɗaya ta kwance, ya rasa ƙarfin sunkuyawa. Da ƙyar ya ce, "An ce ta daina gudu."

"Ta daina?"

"Ta daina."

Ya jira ta faɗi maganar nan, kai ɗauka aka ce ka yi. Ya ma so ta faɗa, ya san yadda ake haɗiye ta. Likita ba ta faɗa ba. Ta ciro fim ɗin ta mayar a ambulan, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ka kawo ta ranar Laraba in duba ta da hannuna, tunda hoto ba mutum ba ne. In ta jima tana lallaɓa ƙafar, naman wurin ya yi sanyi, sai an yi aiki a kansa. Wannan aikina ne, zan yi. Amma ba ni zan gaya mata ba."

Ya tashi aiki ƙarfe huɗu, ya ƙi shiga mota, ya taka da ƙafa don hanya ta yi tsawo. Duk da haka ya iso. A ƙofar gida ya tarar da Barewa ta dawo daga makaranta, doguwa yanzu, ta kusa kamo shi. Ta gaishe shi, ta matsa gefe.

"Baba wuce, ni sai a hankali."

Ya ce ta yi gaba. Ya bi ta a baya, matakala goma sha takwas, yana kallon ƙafar hagu tana hawa, ta dama tana biyowa, hannu yana jan ƙarfe. Fentin ƙarfen ya goge ya yi sheƙi a daidai inda take kamawa. Bai taɓa lura ba sai yau.

Matarsa tana guga a falo. Ya ce ta kashe dutsen, akwai magana. Ya zauna a bakin kujera da ambulan a cinya, su biyu suna kallonsa.

"An sake duba hoton nan," in ji shi. "Sabuwar likita ta duba. Ta ce ƙugun lafiya lau yake. Tun farko ma lafiya yake. Abin da aka gani girma ne kawai, duk yara suna da shi. An yi kuskure."

Matarsa ce ta fara magana, a hankali, yadda take yi in ranta ya kai maƙura.

"Kuskure. Shekara huɗu. Wane likita ne? Babban nan da ka ce?"

Ya juya ambulan ɗin a cinyarsa, ita kuwa ta ci gaba.

"Yana nan a asibitin? Gobe da ni za ka tafi, in ga idonsa. Mutum ya kalli hoto minti biyu ya naƙasa mini yarinya da baki, ya koma gida ya ci abincinsa? Allah ya isa tsakaninmu da shi. Kai ma da sanyin hali, ka tsaya kana ce mini an yi kuskure. Ya sunansa?"

Ƙofar tsira a buɗe take, kuma ya gan ta. Babban likitan nan ya yi ritaya, an ce ma ya bar garin. Suna ɗaya zai faɗa, a tsine wa mutumin na mako guda, a manta. Har Barewa ta taya shi, ta ce, "Mama, ki bar Baba, shi me ya sani? Abin da aka gaya masa ya faɗa."

Wannan ce ta karya shi. Shekara huɗu tana dafe ƙugu, kuma yau ma shi take karewa.

"Ba wani likita," ya ce. Muryar ta fito siririya kamar ba tasa ba. "Ban nuna wa kowa ba. Ni na ɗauka, ni na auna, da littafin manya. Ofishinsu ƙofa uku ne daga nawa, ban je ba. Na ce muku mun duba. Ƙarya na yi."

Matarsa ta zauna a kan kayan da ta goge. Ta kawar da kai wajen taga, tagar nan da yake ɗaga hotunan mutane. Da ta zage shi da ya gode mata.

Barewa ba ta yi kuka ba. Ta ɗora tafin hannu a ƙugunta na dama tana dannawa a hankali, kamar mai laluben abu a aljihu.

"Amma Baba, ina jin sa. In an yi sanyi ina jin sa."

"Likita ta ce rashin aiki ne. Za ta duba ki ranar Laraba."

"Malama ta ce mako biyu."

"Ta faɗa."

"Ka ce mata kowa ya tsaya a aikinsa. Ina bayan ƙofa."

Ya ce, "Na faɗa."

Ta gyaɗa kai. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, shi kuma bai ga fuskar da zai roƙa da ita ba. Zaman ya gagare shi. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya taka kujera, ya laluba saman kabad, ya sauko da takalman a cikin ledarsu. Ƙura ta yi musu lulluɓi, amma shuɗin yana nan, ƙasan ma bai gama cinyewa ba, wata biyar kawai ta sa su. Ya goge su da hannun rigarsa ta aiki. Ya kawo ya durƙusa ya ajiye a gabanta, don bai san wani abin da zai yi da hannuwansa ba.

Ta jima tana kallonsu. Sannan ta cire takalmin makaranta, ta sassauta farin igiyar har ƙasa, ta zura ƙafar dama. Yatsu suka shiga. Ta tura, ta ja bayan takalmin da yatsa biyu, ta sake turawa. Dunduniyarta tana waje, ta wuce bakin da kusan faɗin yatsu uku. Ta gwada na hagu, duk da ta san amsar.

"Sun yi mini kaɗan, Baba."

"Zan sayo wasu," ya ce da sauri. "Gobe. Yau ma, kanti bai rufe ba."

"Gasar ta 'yan ƙasa da sha shida ce," in ji ta. Ba da zafi ta faɗa ba, bayani take yi masa, yadda ake yi wa wanda bai san abu ba.

Ta haɗa takalman, ta ɗaure igiyoyinsu wuri ɗaya, ta ajiye kusa da gwiwarsa. Ta miƙe, hannunta ya tafi ƙugu da kansa. Ta dube shi, hannun, ta sauke, ta rasa inda za ta kai shi, ta riƙe gefen siket. Ta ce za ta sauka ta sha iska.

Yana durƙushe a wurin ya ji ta buɗe ƙofa. Ya kasa kunne, bai taɓa sauraron wani abu haka ba a rayuwarsa. Shiru ya yi tsawo a saman matakalar. Sannan ya ji zoben hannunta ya taɓa ƙarfe, ya ji taku ɗaya, shiru, ɗaya, shiru. Ya ƙirga har goma sha takwas.